Baba Gishiri da Waya Ta Uku

Da an idar da sallar asuba, Baba Gishiri zai rataya jakarsa, ya soka testa ta gwada wuta a aljihun gaba, ya hau keke. Mai aikin wutar lantarki ne, shekara talatin da ɗoriya. Sunan kuwa 'yan unguwa ne suka laƙa masa don tsiya, saboda duk gidan da ya ja wa waya sai ya haƙa rami a bayansa, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya ɗaura mata waya ta uku, wato wayar ƙasa. In wuta ta kuɓuce ta hau jikin firiji ko dutsen guga, wayar nan ce ke janye ta zuwa ƙasa kafin ta kama mutum.

Birkiloli sun shaida ranar da wani mai gidajen haya ya tsaya masa a ka yana haƙa.

"Baba, miya za ka dafa a ramin nan? Waya biyu na kawo haske, ta ukun me take kawowa?"

"Ranka ya daɗe, biyun na ƙwan fitila ne. Ta ukun ta 'ya'yan mutane ce."

"To ko ka ja biyu, ko ka kama gabanka."

Baba ya naɗe wayarsa a tsanake, ya yi sallama. Mai gidan ya bi gari yana cewa tsohon taurin kai gare shi, masu gini suka daina kiransa. Wata biyar Baba yana gyaran tocila da fanka a ƙofar gida. Ƙaninsa ya same shi ya ce, "Yaya, kowa fa haka yake yi."

Ya ce, "To su je wurin kowa."

Ko a cikin wannan matsi, in ka kawo masa filogi ka ce ya karya ƙafa ta uku don ya shiga soket mai rami biyu, sai ya miƙo maka abinka ya ce soket za a canza.

Yanzu ido ya yi rauni, ya ajiye aiki. Masu dariya na tambaya, wai wa ya taɓa ceta? Ba mu san sunayensu ba, su ma kansu ba su sani ba. Kai ne, Baba, gagara-lanƙwasa, wanda gidajen da ya ja wa waya ba su da labari, don ba a taɓa zaman makoki a cikinsu saboda wuta ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma masu ja wa mutane waya, in aka ce ko biyu ko hanya, ku ɗauki hanya. Baba ya bi ta, yunwa ba ta kashe shi ba.