Ranar da Akori-kurata ta Ƙi Tashi

A shekarar farin nan da sojoji ke riƙe da ƙasa, tsohuwar akori-kurata ta yi watanni a ƙofar gidanmu a Maraɗi ko motsi ba ta yi ba. Iyakar Najeriya a rufe, mai ya yi wuya, hatsin da za a yi jigilarsa ma babu. Kaji suka mai da ita gidansu, har muka cinye kajin. Mahaifiyata, Inna, ta baro Tsibiri ta dawo wurina da gonarta ta ƙone, kuma kullum a inuwar motar nan take shimfiɗa tabarmarta.

Ana haka wani kofur ya zo unguwarmu da safe, ya ce duk mai mota ya kai ta ma'ajiyar hatsi kafin la'asar, za a yi jigilar abincin taimako zuwa ƙauyuka, ladan kowa buhun dawa. A lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidana, shi ma kunu ne da kake hango gindin kwano ta cikinsa. Na samo mai, na aro batir, na murɗa makulli. Motar ta yi ta gurnani kamar tsoho mai kakarin majina, amma ta ƙi tashi.

Na kirawo makanikenmu, wanda rashin aiki ya mayar mai gyaran famfunan ban-ruwa a Jiratawa. Ya ce mota abu uku take so, wuta da mai da iska. Ya miƙo mini wata waya ya ce in riƙe, ya je ya murɗa makulli. Na yi tsalle na zagi kakansa.

"Wuta akwai," in ji shi, ko a jikinsa.

Ya zare tiyo ya tsotsi man, ya juya shi a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya tofar. "An sirka da kananzir, amma na sha wanda ya hi wanga muni. Saura iska."

Ya kai hannu kan wani gwangwani mai faɗi da ke bisa injin, inda iska ke shiga. Sai ga Inna tsaye a kansa, ita da ko keke ba ta taɓa hawa ba.

"Ba nan ba ne, ɗan nan. Ƙahwar baya ce."

"Inna, taya ba ta hana mota tashi," na ce.

"Kai ka haihe ni ko ni na haihe ka?"

Haka muka duƙa, manya da mu, muka yi wa tayar baya iska. Mota ta ƙi. Makanike ya sake nufar gwangwanin, Inna ta ce bakin mutane ne ya kama motar, ta shiga gida ta fito da kasko da garwashi za ta yi mata turare kusa da tankin mai. Ranar na yi ihun da ban taɓa yi wa uwata ba, raina a ɓace, ga rana tana ta yin sama.

Da azahar kofur ya dawo ya tarar da mu. Ya ce motar da ta ƙi aikin ƙasa maƙiyiyar ƙasa ce. Ya sa aka kwance bujin injin aka jera su a ƙasa, ya bi su yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, kamar sababbin kurata. Bai sami mai laifi ba. Ya tara mazan unguwa, mutanen da iska ma za ta iya kayarwa, muka tura ta har bakin titi muka dawo da ita. Ya tsaya gabanta ya daka mata tsawa da Faransanci, ya ba ta gargaɗin ƙarshe. Ta yi gurnani ta yi shiru.

Kofur ɗin ne ya lura duk lokacin da aka buɗe gaban motar, Inna na dafe da gwangwanin nan.

"Tsohuwa, mi ke ciki?"

Makanike ya kwance murfin, ya jawo wani ƙunshi na tsohon zanenta da aka cusa ya toshe hanyar iska tam. Aka kwance, sai ga hatsi, bai fi kwano guda ba.

A zamanin, ɓoye hatsi na iya kai mutum gidan kaso. Kuma na ji zafi, na tuna yarana da suke kwana da kunu.

"Iri ne," in ji Inna. "Na gonar ubana. Duk Tsibiri an cinye iri, wanga kaɗai ya rage. In na aje shi ɗaki, ranar da jikokina suka yi kuka ni da kaina za ni daka shi. Shi ya sa na kawo shi nan ya sha warin mai, ko na so ci ba shi ciyuwa."

Kofur ya ɗebo ya sansana, ya yamutsa fuska. Can ya zaro hankici daga aljihu, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki sam mini kaɗan. Tawa uwar ta cinye nata."

Ta zuba masa, tana ƙunƙuni kada ya zubar. Aka mayar da buji, na murɗa makulli, motar ta tashi da murɗa ɗaya, ta turnuƙe mu da hayaƙi. Na isa ma'ajiyar ana shirin rufe ƙofa, kuma a makon muka ci tuwo har da ɗumame.

Da na dawo ranar, na tarar da Inna a ƙofar gida da ƙunshinta a cinya. Ta ce in buɗe in mayar mata da shi. Na ce ai yanzu akwai dawa.

"Buhu ƙarewa yakai," ta ce. "Kuma warin bai kama sosai ba."

Har damina ta faɗi, kullum da yamma ina mayar da irin cikin gwangwanin, da safe in cire kafin in tada mota.