Malam Haruna, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu a Takardata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Haruna ya rasu.

Labarin ya iske ni yau da safe ina fadamar Argungu, ƙafafuna cikin laka. Bashiru ne ya kira, babban ɗansa. Da na ga lambar na ɗauka Malam ne ya ari wayar, don haka yake yi in tasa ba caji. Har na fara gaisuwa. Sai na ji Bashiru ya ce, "Sanusi, Baba ya cika."

Nan take na bar aikin na kama hanyar Birnin Kebbi.

Yanzu munka dawo daga maƙabarta a Birnin Kebbi. In ban rubuta yau ba ban san ranar da zan iya ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Haruna shi ya koya muna aikin ban-ruwa a foli, wato kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, shekaru da dama da sunka wuce. Dogo ne siriri, kullum da jan biro a aljihun gaba. Ba ya tsawa. In ka yi kuskure a lissafi sai ya dube ka ta saman tabarau, har kai da kanka ka gano inda ka karkace.

Ni ba ya kirana da sunana a aji. Bakabe yake ce mini, kamar yadda ake kiranmu mu mutanen Argungu.

Shekarata ta farko na zo daga Argungu ba ni da allon zane. Ina raɓe a gefen na wani ina jiran ya gama. Malam ya gani. Washegari ya shigo da nasa a hammata, tsoho, gefensa ya cinye, ya aje a gabana ya wuce.

Da mahaifina ya rasu muna tsakiyar jarrabawa, a motar haya ya zo Argungu ya yi muna ta'aziyya. Ya zauna cikin dattawan unguwa kamar ɗan gida. Da zai tashi ya ja ni gefe ya ce ranar Litinin yana son ya gan ni a aji, don kukan da zan yi a gida zan iya yin sa a Birnin Kebbi bayan na fito jarrabawa.

Amma abin da nake son in ba ku labari ba na makaranta ba ne. Na bara ne.

Wasunku sun san na daɗe ina neman tafiya Ostareliya da iyalina, ta hanyar da suke ɗaukar masu sana'a su ba su zaman dindindin. Ba zan ɓoye dalili ba. Shekara goma sha ɗaya ina aiki da wani kamfanin shinkafa, kuma har yau kwantiragin shekara-shekara ne. In ambaliya ta ci gona, mu ma ta ci mu. Ni da Hadiza matata muna da yara uku.

Kafin ma su saurare ka, sai wata hukumar injiniyoyi ta can ta tantance takardunka. Su duba ko karatun da ka yi ya kai nasu, su duba ko aikin da kake yi aikin sana'ar ne da gaske. Suna son sakamakon kowane darasi daga makaranta, da manhajar da anka koyar da ku a shekarunku, da rahoto uku na ayyukan da ka yi da hannunka, da wasiƙar wani da ya san aikinka. Ga kuma shekaru. Maki suke bayarwa, kuma in shekarunka sunka kai wani mataki makin ya ragu. Ni saura wata bakwai in taka wannan matakin, kuma ba ni da rarar maki ko ɗaya.

Manhajar ce ta fara tsayar da ni, don an canza ta tun bayan fitarmu. Na je unguwar Gesse gidan Malam, lokacin ya daɗe da yin ritaya. Ya sa anka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Hajiya matarsa na daga tsakar gida tana cewa shekara nawa tana roƙonsa ya bari ta hura wuta da takardun nan. Ya lalubo ta shekararmu, shafi ko ɗaya bai ɓata ba.

Shi da kansa ya raka ni makaranta a buga mata hatimi. Rabin mutanen ofishin ɗalibansa ne, sunka miƙe suna cewa ya shigo ciki. Ya ƙi. Ya zauna a benci yana jiran layi ya zo kanmu.

Sai maganar wasiƙa. Bayan ritayarsa Malam ya yi wa kamfaninmu aikin ba da shawara na rani biyu, don haka ya san aikina, kuma shi ya fi dacewa ya shaide ni. Ni kuwa a lokacin na haɗu da wani ejan a Abuja da ke shirya wa mutane takardu. Ya ce mini aikina ya yi ƙanƙanta, ba zai burge Turawa ba. Ya rubuto wasiƙa mai kyau, Turanci kamar ruwa. A cikinta ni ne na tsara dukkan aikin ban-ruwan tun daga tushe, ni ne shugaban injiniyoyi. Har rahotannin uku ya ce yana da su a shirye, suna kawai za a canza.

Na kai wa Malam wasiƙar ya sa hannu.

Ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya aje a kan tabarma.

Ya ce, "Wanga Sanusi da ke cikin takardag ga ban san shi ba. Ka kawo min wanda nis sani in sa mai hannu."

Na roƙe shi. Na ce kowa haka yake yi. Na ce lokaci na ƙure mini, na ambaci yara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya ji, kuma yana tausaya mini, amma hannunsa ba zai hau ba.

Allah Ya yafe mini, na tashi a fusace. Furar da Hajiya ta aiko ko taɓa ta ban yi ba. Sati uku ban kira shi ba. A raina ina cewa tsoho ne da bai san yadda duniya ta koma ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wurin aiki sai ga kabu-kabu na tahowa ta kan gaɓa yana tangaɗi. A bayansa Malam ne, da farar riga, ya tattare ta a cinya. Mutum mai ciwon ƙafa, ya shigo mota daga Birnin Kebbi, ya hau babur har cikin fadama.

Kunya ta hana ni haɗa ido da shi. Bai ta da zancen ba. Ya ari takalmin roba wurin wani manomi ya ce in nuna masa abin da na yi da hannuna a wurin nan, kome ƙanƙantarsa.

Na kai shi wata magudana da take fashewa duk damina. Na gaya masa yadda na auna gangaren ƙasar, na gane bakin da ruwa ke shiga ne ba daidai ba, na matsar da shi, na sa ƙaramar ƙofar ƙarfe da manoma za su iya buɗewa su rufe da kansu. Ya yi ta tambaya kamar muna aji. Don me faɗin ya zama haka? Ina lissafin? Na ce yana cikin littattafaina a gida. Ya ce to.

Munka bi magudanar har ƙarshenta, wajen gonakin mutanen Augie. Wani dattijo mai albasa ya taso ya gaishe mu. Bai san ko wane ne Malam ba. Hira ta kawo ya ce da can ruwa ba ya isowa gonarsa sai na gaba sun ƙoshi, wani lokaci har faɗa ake yi, amma tun da anka sa ƙofar nan rani uku ke nan bai yi asara ba.

Da dattijon ya koma bakin aikinsa, Malam ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"To Bakabe, kana da wanga, mi kaka nema ga ƙarya?"

Ranar na bar ejan.

Wata biyu ina rubuta rahotannin nan da kaina. Duk Juma'a bayan masallaci in kai masa Gesse, ya bi su da jan biro. Na farkon sau biyar yana mayar mini da shi. Zai nuna maka inda ba a gane ba, zai ce nan ka tsallake lissafi, amma ba zai rubuta maka jimla ko ɗaya ba. Ran da na gaji na ce ya taimaka ya gyara mini sakin layi ɗaya tak, sai ya ce in ya rubuta mini, shi za a auna ba ni ba, shi kuwa ba inda za shi.

Wasiƙarsa shafi ɗaya da rabi ce. Ba ado. Har ya rubuta ƙarara cewa ba ni na tsara babban aikin ba, ga dai abin da na yi, ga yadda na yi shi, kuma ya gani da idonsa. Na aika haka nan, na bar wa Allah.

Bayan wasu makonni mutanen hukumar sunka kira shi a waya don su tabbatar. Da yamma ya gaya mini sun yi doguwar magana, kuma ya faɗa musu har kuskuren da na yi a wani kwalbati a farkon aikina da yadda na gyara. Na dafe kai na ce Malam ka kashe ni. Ya yi dariya har da tari.

Sakamako ya fito saura 'yan makonni makina ya ragu. Sun amince da takarduna. Ba a matakin babban injiniya da ejan ya yi mini alkawari ba, a matakin da ke ƙasa da shi, wanda shi ne nawa na gaskiya. Kuma ya isa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Malam ba ya son tafiyarmu. Bai taɓa ɓoye mini ba. Yakan ce su sun yi shuka, wasu can ke girbi. Duk da haka ban san adadin ɗalibansa da ya lalubo wa manhaja ko ya rubuta wa shaida ba. Yau a maƙabarta na tsaya kusa da wani da ya girme ni da shekara shida a foli. Muna magana ƙasa-ƙasa ya ce shi ma Malam ya taɓa mayar masa da wasiƙa ba hannu. Munka dubi juna, ga hawaye ga murmushi.

Ganina na ƙarshe da shi sati biyu ke nan. Takardar zaman dindindin ta fito, ni da Hadiza da yara, na buga ta na kai masa. Na iske shi a zaure, ya rame, ƙafar ta kumbura. Ya ce ido ya yi rauni, in karanta masa. Na karanta tun daga sama har ƙasa. Ya karɓa ya shafa ta, ya yi hamdala, ya sa albarka.

Sai ya tambaye ni wa zai kula da ƙofar ruwan nan in na tafi. Na ce kamfani zai kawo wani. Ya girgiza kai. Ya ce in zauna in rubuta komai da Hausa, yadda ake buɗe ta, yaushe ake rufewa, abin da ake yi in ruwa ya yi yawa, in ba shugabannin manoman a hannunsu.

Ya ce, "Ka tahi, ban hana ka ba. Amma kada ka tahi muna da abin da kas sani cikin kanka."

Da zan fita ya dafa bango ya miƙe. Na ce ya zauna, ya ƙi, sai da ya rako ni bakin ƙofa. Na ce zan kawo Hadiza da yara su yi masa bankwana kafin mu tashi. Ya ce Allah Ya kai mu.

Asabar mai zuwa munka sa za mu je.

Rubutun da ya sa ni in yi, yanzu na kai shafi tara. Da yardar Allah ba zan hau jirgi ba sai na gama shi na miƙa wa masu shi.

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo gare Ka. Mu mun shaida bai sa hannunsa a kan ƙarya ba ko da muna roƙonsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi kamar ruwa mai gudana. Ka ba Hajiya da Bashiru da ƙannensa haƙurin wannan rashi, mu ma ɗalibansa Ka ba mu. In tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ɗalibansa da ke nesa, ku sanar da juna, ku sa shi a sujadarku.

Allah Ya jiƙan Malam.