Baba Alu Tela, Wanda Ya Hana Ni Akwatina

Da safen nan ina tsaye ina neman makullin mota aka kira ni daga Bodinga. Baba Alu Tela ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna bakin gado da takalmi a ƙafa ɗaya. Wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Yawancinku ba ku san shi ba. Tela ne a kasuwar Bodinga, abokin mahaifina tun suna samari. Amma duk wanda ya taɓa kirana Barista, to ya sani da hannun dattijon nan a ciki. Bari in ba ku labari, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu. Na gama sakandare, na nemi karatun lauya a jami'a a Sakkwato. Muna zaune a Dandin Mahe sai ga wani ɗan garinmu da ke aikin masinja a can, ya zo da gumi, ya ce da idonsa ya ga sunana a allon sanarwa.

Bawan Allah bai yi ƙarya ba. Sunana ya gani. Abin da aka rubuta a saman takardar ne bai tsaya karantawa ba.

Ku yaran yanzu ba ku san sallama ba. A lokacinmu in za ka tafi karatu, sai ka bi gida gida ka durƙusa. Dattawa su sa maka albarka, tsofaffin mata su haɗa maka guzuri. Na bi dangin uwa da na uba har cikin garin Shagari. Ƙuli-ƙuli, yaji, dakuwa, garin ɗanwake, har wata gwaggona ta ba ni bargon da ta yi shekaru tana adana. Aka cika akwatin ƙarfe, aka raka ni bakin titi, mata na guɗa. Kaya kala biyu da ke saman akwatin Baba Alu ne ya ɗinka su.

Na isa jami'a da akwati a ka. Wani ma'aikaci ya duba, ya ce, “Ai kai kana cikin masu jira ne. In wani bai zo ba, za a neme ka.”

Na ce yaushe? Ya ce in riƙa leƙowa.

Na shiga motar komawa, amma da muka iso Bodinga na ce direba ya tsaya. Da wane ido zan kalli matan da suka yi mini guɗa da hantsi? Mutumin da ya yi sallama ya karɓi guzuri ba ya dawowa da la'asar. Na ja akwatina zuwa rumfar Baba Alu, na zauna na yi tagumi.

Ya tsayar da keken ɗinki. “Mamman, mi ya maido ka?”

Na gaya masa abin da ya faru.

“Sun ce ba su ɗaukar ka?”

Na ce a'a, sun ce in jira.

“To jira anka ce, ba kora ba. Akwatin ga, shi zauna nan, kai ka tahi gida. Duk wanda yat tambaye ka, ka ce kayanka na Bodinga, kira kaka jira. Akwai ƙarya ciki?”

Babu. Ya rufe rumfa tun kasuwa ba ta watse ba, ya goya ni a tsohon babur ɗinsa, shi ya yi wa mahaifina bayani. Ni dai kaina na ƙasa.

Guzurin kuwa cinye shi muka yi a rumfarsa. Ya ce abinci bai san jami'a ba, ruɓewa zai yi. Dakuwar nan rabinta cikinsa ta shiga, har ya aika a yi wa mai ita godiya.

Na koma fadama ina ban ruwan albasa. Samarin gari suka laƙaba mini Lauyan Albasa. Wasu su ce, “Shugaban ƙasa ɗan yankinmu, amma ka rasa gurbi? Ka je a ba ka takarda mana!” Kamar kowa na Shagari a fadar gwamnati yake kwana. Mu ko ƙofar gidan ɗan majalisa ba mu sani ba.

Abin ya ci ni ƙwarai. Na rame, na daina zuwa dandali.

Kowace ranar kasuwa zan zo Bodinga. Baba Alu ya yi magana da wani direba, a wuce da ni Sakkwato in duba allo, in dawo. Wasu sunaye na fitowa jifa-jifa, nawa shiru.

Abin da ba zan manta ba, bai taɓa tambayata ko ya fito ba. Ko sau ɗaya. Zai ɗago ya dubi fuskata, sai ya tura mini ƙwaryar fura da ƙafa, ya ce, “Sha, ka zo ka kama mini bakin yadin ga.” Ko ya zube mini maɓallai in ɗaura. Har yau na fi matata iya sa maɓalli, tana nan ku tambaye ta.

Shi ma fa ba daɗi yake ji ba. Yadi ya yi wuya, zare ya yi tsada, masu kawo sabon ɗinki sun koma kawo faci. Amma wata rana da na fara ƙorafi sai ya yi dariya.

“Sabulu layi, madara layi, shinkahwa layi. Ƙasar duk a layi take. Kai naka layin ma na karatu na, ka gode Allah.”

A ƙarshe dai aka cire takardar daga allo. An rufe ɗauka, ba a kai kaina ba.

Mahaifina ya ce ya isa haka. Kawuna yana kai albasa Kudu, yana neman wanda zai riƙa bin mota. Na amince, don na gaji da kallon da ake yi mini. Na tafi Bodinga ɗaukar kayana.

Na tarar da Baba Alu zaune daram a kan akwatin, ya shimfiɗa buzu a kai.

Na ce, “Baba, na zo ɗaukar akwati. Na haƙura da karatun nan.”

Ya ce, “Akwatin ga Sakkwato za shi. Ban san wata hanya ba.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Haba Baba, ai nawa ne!”

Ko gezau. “Naka na. In ka zama lauya, ka kai ni ƙara.”

Duk rumfar aka tuntsire da dariya, har masu jiran ɗinki. Ni ma ban san lokacin da na fashe ba, ga hawaye ga dariya. Washegari ya sake hawa babur ya je wurin mahaifina. Ban san me suka tattauna ba, na dai ji an ce a bar ni in sake gwadawa.

Na sake rubuta jarrabawa. Kafin sakamako ya fito sojoji sun karɓi mulki, rayuwa ta ƙara tsanani. Amma wannan karon da kaina na je, na karanta takardar tun daga sama. An ɗauke ni.

Ban yi sallama da kowa ba, na ji jiki. Daga rumfarsa na tashi. Kayan da ya ɗinka sun yi mini yawa saboda rama, ya rage su ina tsaye yana mita wai na ɓata masa aiki.

Sau ɗaya ya zo kotu ya gan ni. Da muka fito ina jiran yabo, sai ya kama hannun baƙar rigata ya juya. “Wa yai maka wanga ɗinki? Allah shi isa.”

Ganinmu na ƙarshe da ƙaramar Sallar da ta wuce ne. Ido ya yi rauni, 'ya'yansa sun hana shi taɓa keke. Da murya ya gane ni. Muna zaune a zaure na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙe da ita. Na ce, “Baba, ta yaya ka san za a ɗauke ni?”

Ya lalubo hannuna.

“Wa ya ce maka na sani? Wallahi ban sani ba, Mamman. Har keke na ware maka, in abin ya ƙi in koya maka ɗinki. Ni dai ban so ka yi jiran ga kai ɗai ba.”

Shekarun nan duk, na ɗauka wani abu ya hango a tare da ni. Ashe tsoron da nake ji shi ma yana ji, ya dai ƙi bari in gani.

Ga ni nan zan kama hanyar Bodinga, ban sani ba ko zan riski jana'iza.

Ya Allah, bawanKa Aliyu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi abokin zama na alheri a cikinsa, kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka ba iyalansa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ko ba ku san shi ba, ku yi saboda ni.