Yarinyar da Aka Ɓoye a Rumbu

Duk sanda aka buɗe rumbu, warin tsohon gero ya bugi hancina, sai in ji ƙaiƙayi a wuyana ko da ban taɓa zangarniya ɗaya ba. Kai da ka tashi ka tarar da gero a buhu ba za ka san wannan warin ba. Laka ce da ta sha rana, da ƙura mai ɗumi, da ɗan warin ɓera. A cikinsa na wuni ranar da makaranta ta zo neman yara a garinmu, can wajen Dingyadi.

Bayan girbi ne, an gama jidon dammunan gero. Haƙorana na gaba sun faɗi, sababbi ba su fito ba. Da hantsi labari ya shigo cewa malamin boko ya taso daga Bodinga bisa keke, tare da ɗan saƙon hakimi, kuma kowane gida zai ba da yaro. Kakata, uwar babana, tana kaɗi a gindin zana. Ta ajiye mazari, ba ta shawarci kowa ba. Ta jingina tsani, ta ɗage murfin rumbun laka da muke ce wa ruhewa, ta zura ni bisa dammuna.

"Ko kin ji muryata, kak ki amsa," in ji ta. "In tari ya taho, haɗiye shi."

Ta mayar da murfi. Haske siriri kamar zaren da take kaɗawa yana shigowa ta gefe. Na ji ƙararrawar keke, na ji sallama, na ji ta tana cewa gidan babu ɗiya sai na goye. Babana yana tsaye, amma ba ya magana in uwarsa ta riga shi. Sai bayan la'asar aka ciro ni, fari fat da ƙura. Ta cuɗe ni da kanta, ta dama fura, ta ba ni da ludayinta wanda ba wanda yake taɓawa. "Na hisshe ki," ta ce. A ganinta duk wanda boko ya ɗauka ba ya dawowa da durƙuson gaida manya. Ba na zarginta. Da ƙauna ta rufe murfin nan. Amma har yau baƙi a takarda, a idona, tururuwa ce da ta mutu a jere.

Aure ya kawo ni Lambara, kuma gidanmu yana kallon makaranta. Wanda bai iya karatu ba, ido ne littafinsa, don haka na sa ido. Na ga shekarar da aka kawo abinci, yara suka cika har taga. Na ga shekarar da abincin ya ɗauke. Na ga an ce a fara wa yaro da Hausa, na ga an dawo an ce da Turanci. Na taɓa tambayar malamin ajin jikata wa ke canja waɗannan abubuwa. Ya ce manya ne ke zama a ƙasashen ƙetare, magana ta sauko Abuja, ta sauko Sakkwato, ta iso gare su. Na ce ashe kamar gulbi ne: ruwa ya zuba inda ba mu gani ba, mu sai dai mu wayi gari ya ciko ko ya janye.

Jikar nan, 'yar babban ɗana ce, a ɗakina take kwana. Kullum ni ke tashinta. Ina jin tana rera abin da ake rerawa a aji, na ɗauka karatu ne.

Wata rana ta dawo ta ce gobe ba makaranta. Na leƙa ta kan zana, sai ga 'yar maƙwabta tana wanke rigar makarantarta har da bula. Na kira tawa.

"Ke, mi an ka ce muku? Kak ki rage mini komi."

Ta sunkuyar da kai. "Malam ya ce baƙi za su zo jin karatu. Mu na baya mu huta gida."

Wuyana ya ɗau ƙaiƙayi.

Da safe na yafa mayafi, na kama wuyan hannunta. Malam ya tare mu a bakin aji, ya rusuna.

"Inna, lahiya? Yau ba ranassu ba ce."

"Ɗana, ranar wa ce?"

Ya rage murya. Ya ce in baƙin nan suka ji karatu bai zauna ba, littattafai da taimakon da ake sa rai sai su koma wani gari. Ya ce aji ya cika, shi kaɗai ne. Gaskiya ya faɗa. Na sha ganinsa yana isowa daga Shagari bisa babur, ruwa na dukansa.

"Ban musa maka ba," na ce. "Amma ciwon da an ka ɓoye, magani bai isko shi. Ni an ɓoye ni. Ɓuya guda ta ishi gidanmu."

Ya matsa daga ƙofa.

Baƙin suka zo da farar mota: wata mata mai Hausar Sakkwato, da wani mutum da ake yi wa fassara. Na tsaya a taga. Da aka zo kan jikata, matar ta ajiye mata takarda. Yarinyar ta ɗora yatsa bisa baƙin farko, yatsan bai motsa ba. Ban kau da ido ba.

"Malam, akwai irinta da yawa?" matar ta tambaya.

Ya dubi taga. "Akwai," ya ce. Ya aika a kira sauran daga gidajensu.

Ban san abin da baƙin suka je suka faɗa ba, kuma ban ga an kwashe komai daga makarantar ba. Abin da na gani shi ne, bayan tashi, malam ya fara tsayar da 'yan baya a inuwar darbejiya, yana bi da su baƙi baƙi. Jikata kuwa ta yi kwanaki ba ta ɗaga ido ta dube ni ba. Na bar ta. Fushin yaro ba ya hana tuwo dahuwa.

Yanzu rumbuna sun fara zubewa, hatsi ya koma buhu. Farar mota tana zuwa tana tafiya, kowace da sabon zancenta, ni kuma ina nan ina kallo. Wannan da kake karantawa bakina ne, hannun kuwa na jikata ne. In ta gama layi sai na sa ta maimaita mini, don na san halinta, kada ta sassauta inda na tsananta.