Ramin Shitu Mai Inji

Shitu mutumin Mahuta ne, amma Funtua ta san shi tun yana karen mota a bayan wata roka mai ɗaukar auduga. Gajere ne mai ƙaramar murya, kuma ba ya sa hannu a kwano sai ya ga kowa ya sa. Shekara biyu bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira ya sauka daga mota, ya sayar da rabin gonar gadonsa, ya sayi injin wankin mota a wurin Donatus, wani Ibo haifaffen gari mai shagon kayan gyara. Ya kafa shi a bakin rafin da ke ratsa hanyar Malumfashi.

Kafin nan da bokiti da tsumma ake wanke babbar mota, a wuni a kanta. Injin Shitu kuwa ya zuƙo ruwa daga rafi ya watso ta tiyo da ƙarfin da in ya sami ƙafar mutum sai ya ɗaye fata. Lakar wata guda takan zube kafin direba ya gama cin tuwo. Sunansa ya koma Shitu Mai Inji. Wasu suka gani suka kwaikwaya, har Donatus ɗin ya kawo nasa. A shekarar da soja suka dawo aka matsa wa mutane kan tsaftar gari, inji bakwai ke ruri a wurin.

Ruwan wankin duk rafi yake komawa, da baƙin mai da komai. Can ƙasa kuwa akwai unguwar Maguzawa. A nan shanun huɗarsu ke sha, a nan matansu ke tona yashi su ɗebi na girki.

Wata Talata duba-gari ya zo da takarda, ya ce an ba su mako biyu su kwashe injinansu. Shitu ne ya tara sauran a gindin wata ɗorawa, suka yi ƙungiya, suka ɗora shi a gaba don shi ne ba ya faɗa. Sau shida yana zuwa ofishin ƙaramar hukuma, ya zauna a benci tun safe, azahar kaɗai ke tashinsa. Abin da yake faɗa ɗaya ne: gida bakwai ke ci a wurin, a nuna musu yadda za su gyara, za su gyara. A zuwa na shida aka yarda. Za su haƙa rami ɗaya babba, su zuba tsakuwa da yashi, duk ruwan wanki ya tafi can. Izinin ɗaya ne na su duka, da sharaɗi: ranar da ruwan ramin ya taɓa rafi an rufe wurin, kuma shugaba ne zai amsa. Shitu ya dangwala yatsa.

Da rani suka fara haƙa, a kan tudu. Ƙasar marmara ce, diga na tashi kamar ta doki ƙarfe. Kwana biyu ba su kai gwiwa ba. Sai wani ya nuna wani kwari mai laushi kusa da rafi, inda shebur ke shiga kamar cikin gari. Cikin kwana uku suka gama. Duba-gari ya zo ya auna zurfi da faɗi da sanda, ya ce ya yi.

Suna cikin zuba tsakuwa wani tsohon Bamaguje mai suna Dogo ya biyo da jakinsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ku haƙa a nan?"

"Hukuma, Baba," in ji Donatus. "Ko kai ma sandar awo gare ka?"

Aka yi dariya. Dogo bai yi ba. Ya dubi Shitu, ya ce, "Ɗan nan, laushin da kuka ji, ruwa ne ya yi shi. Nan ce tsohuwar hanyarsa. Ba kowace shekara yake bi ba, amma bai manta ba."

Shitu ya ji maganar ta zauna masa a ciki, sai dai rami ya riga ya haƙu, kuma takarda ta riga ta fito. Ya ci gaba da zuba tsakuwa.

Da bazara motocin taki da na maganin feshin auduga suka yi ta zuwa. Galan kan fashe a hanya, maganin ya jiƙe katakon mota, a wanke, ya gangara rami. Yashin ya toshe da baƙin mai, ruwa ya daina tsotsewa. Ya tsaya baƙi ƙirin, da wani fari-fari a sama, ga wari mai sa ciwon kai. Wata safiya Shitu ya tsinci balbela biyu a bakin ramin, ƙafafu a miƙe. Ya binne su bai gaya wa kowa ba, sai matarsa Mairo, ita ma don ta ga ya ture abinci ne.

Ruwa ya sauka da ƙarfi a shekarar. Shitu ya kira taro ya ce a koma tudu a haƙa sabo. Babu wanda ya ce ƙarya yake. Amma kusan kowane mai inji manomi ne, ga maimai ya taso, ciyawa na cin dawa. Wannan ya ce bayan huɗa, wancan ya ce in Allah ya kai mu kaka. Donatus, da ba shi da gona, ya kawo duro huɗu, ya ce, "Ciyaman, ni da kai kaɗai teku za mu kwashe?"

Suka gwada duk da haka. Shitu ya bar tasa gonar, yana ɗiba da bokiti yana cika duro, amalanken shanu na kaiwa tudu. Hannuwansa suka yi ja, suka fara saɓa. Kullum ya rage kamu ɗaya, hadari ya mayar da biyu. Ya yanki kara ya kafa a gefen rafi, kowace safiya ya je ya ga inda ruwa ya kai. Sauran taku goma tsakanin rafi da rami. Sauran shida. Sauran huɗu.

Ran wata Alhamis cikin marka, bayan la'asar, gabas ta haɗe. A wurin ko ɗigo bai sauka ba tukuna, can saman rafi aka yi ruwan. Shitu na tsaye da bokiti ya ji ƙugi, sai ga ruwa ja ya ɓullo ta bayan ɗorawa, ta inda ba rafi, ya miƙo kwarin kamar an share masa hanya. Ya shiga ramin ta gefe ɗaya ya fita ta ɗayan, baƙi.

Shitu ya jefar da bokitin ya bi gaɓa da gudu har unguwar su Dogo, yana kiran kada kowa ya sha, a janye dabbobi. Mata suka zubar da tulunansu. Mutum ko ɗaya bai sha ba, Allah ya tsare. Amma bijiman Dogo biyu suna cikin ruwa lokacin, kafin magariba sun faɗi suna kumfa. Dogo ya tsuguna kusa da su, bai ɗaga kai ya dubi Shitu ba.

Washegari sauran suka ce a yi shiru, ambaliya ce, wa zai iya cewa daga ina. Shitu ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tafi ofis tun ba a aiko ba. Duba-gari ya tambaye shi ko ya san abin da maganarsa za ta jawo wa mutum bakwai.

"Na sani, Malam. Yatsana ne a kai."

Aka rufe wurin a makon. Biyar suka watse zuwa wasu garuruwa, biyu daga cikinsu ba su ƙara gaishe shi ba. Donatus ya koma shagonsa. Shitu ya sayar da injinsa ya saya wa Dogo bijimi ɗaya, abin da kuɗin ya kai ke nan, ya koma Mahuta kan rabin gonar da ta rage. A can ya rasu bayan shekara huɗu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.