Darasin Shuɗin Magariba

Shekara goma sha tara Malama Shahida ta yi tana koyar da kimiyya a Illela. Duk zango takan fitar da ɗalibanta fili da faɗuwar rana, ta nuna musu sama, ta ce iskar ozon da ke can ƙololuwa ce ke shanye ja-ja da rawayan hasken rana, ta bar shuɗi.

Zakari, malamin da ta horar da hannunta, shi ya zuga iyaye cewa tana sa yara makarar sallar magariba. Aka mayar da ita ƙauyen Tozai, aka ba shi ajinta.

Ranar kwashe kaya ta tare shi. "Mi niy yi maka, Zakari?"

Ya sunkuyar da kai. "Malama, ki bar mini littafinki na darasi. Ban iya bayanin shuɗin ba."