Sukarin da Na Ƙona

Wata Asabar cikin bazara, ina aji biyar na firamare, na raka Baba layin sukari a Bompai. Zamanin ne da sukari da madara da sabulu suka ɓace daga kantuna, sai an yi layi a bakin sito, sojoji na kai da kawo riƙe da dorina. Muna tsaye tun hantsi, sai wani ya ture Baba, hularsa ta faɗi. Taku biyu kawai ya yi daga layin don ya ɗauka. Kafin ya ɗago, wani soja da a shekaru Baba ya haife shi ya zuba masa dorina a gadon baya har riga ta tsage. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya sa shi tsallen kwaɗo a gabana da gaban abokan aikinsa na masaƙa. Da ya gama, Baba ya koma layi, don ba yadda zai yi. Kwali biyu muka samo. Har muka isa gida a Sharada ina bayansa a kan keke ina kallon jini yana ratso rigar.

Gidan haya muke, ɗaki takwas, rijiya ɗaya, ma'aikata daga Haɗeja, Damagaram da Filato, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Aikina ɗibar ruwa da wanke-wanke, in na samu sarari in yi 'yar carafke a gindin turmi. Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, matar wani kuku, ita ce mai gasa kek a cikin tukunya, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Takan narka sukari da bota a gindin kwano har ya yi ja, ta jera yankan fiyar gwangwani, irin ta Turawa mai zaƙi, ta zuba kwaɓin fulawa da ƙwai. In ya gasu sai ta kife a faranti, ƙasa ya koma sama. "Sai sukarin ya kusa ƙonewa yake daɗi," in ji ta.

Kwana uku Baba ba ya cin abin kirki, ba ya kuma kallona. Ni kuwa tun ina ƙarama in na ƙulla abu sai na yi shi. Ranar da Inna ta tafi suna Ɗorayi na roƙi Maman Rifkatu ragowar fiya da ƙwai biyu, na buɗe kwalin sukari ba da sanin kowa ba. Sukarin da na narka da farko ya ƙone ƙurmus, na zubar a makwarari. Na biyu ma haka. A na uku na dace, na rufe tukunya ina ta washe baki.

Baba ya shigo daga aikin safe, ƙauri ya cika gida. Ya ga kwali ba komai, ya ga baƙin sukari ya daskare a makwarari. Bai tambaye ni ba. Ya kwance guntun bel ɗin inji da yake ɗaure kaya a keke, ya shiga lafta mini, baya, cinya, wuya, duk inda ya samu. Na faɗi, bakina ya bugi turmi ya fashe, bai tsaya ba. Maman Rifkatu ta faɗo tsakaninmu, bel ya same ta a hannu.

"Malam Habu, kashe ta za ku yi? Domin ku fa take yin abin nan."

"Ta san abin da aka yi mini a kan sukarin nan?" in ji Baba. Na sani mana, a gabana aka yi.

Maman Rifkatu ta sauke tukunya da hannun da ya kumbura, ta kife kwanon a faranti. Kek ya fito lafiya lau, fiya na sheƙi a samansa.

Bayan la'asar Inna ta dawo, ta zaunar da ni da Baba a tabarma ɗaya, ta shafa mana man kaɗanya, shi a tsohon ciwo, ni a sabo. Can sai ya jawo farantin ya gutsura, ya daɗe yana taunawa. "Zaƙin ya yi yawa," ya ce, ya turo mini sauran. Haƙurin da ya ba ni ke nan har ya koma ga Allah, bai kuma sake ɗaga mini hannu ba.

Yanzu sukari na nan a kowane shago, jikokina na zubar da shi a ƙasa ba wanda zai ɗaga kai. Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Sai da na kai shekarunsa na gane a kan sojan yake so ya rama ranar nan, amma ni ce a kusa.